Lissafin da Na Sa 'Yata Ta Haddace

Na haura shekara arba'in kafin in fara riƙe fensir. Ni mahauci ne kamar mahaifina, ina aiki a kwatar Talata Mafara inda ake yanka, gidana kuma yana wani ƙauye ta wajen Garbadu. Kullum da safe nake hawa keke in shigo gari. Sau uku a mako, bayan la'asar, nakan wanke hannu da kyau in tafi ajin yaƙi da jahilci da ake yi mana a wata firamare. A lokacin da nake ba da labari na yi shekara ɗaya da 'yan watanni a ajin. Ina iya karanta Hausa idan aka ba ni lokaci, ina kuma iya kwafe duk abin da aka rubuta a allo, ko na gane shi ko ban gane ba.

Babbar 'yata tana aji shida a firamaren ƙauyenmu. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, Inna nake ce mata. A ƙarshen wannan shekara za ta rubuta jarrabawar shiga makarantar kwana ta 'yan mata. Babu sakandare a ƙauyenmu, wadda ke kusa da mu kuma tafiya ce mai nisa a kan hanyar da ko manya ba sa bi sai da rana tsaka, sai kuma a cikin ayari. Ba mai barin 'yarsa ta bi ta safe da yamma. Yarinyar da ta ci jarrabawar kwana ta ci gaba da karatu, wadda ta faɗi kuwa nata ya tsaya a aji shida. Inna ta san haka, ni ma na sani. Malaminsu ya taɓa tare ni a kasuwa ya ce mini cikin yaran da ke hannunsa ita ce yake sa wa rai.

Ana cikin zafin bazara aka ce cutar korona ta shigo, a rufe makarantu. Aka rufe tasu, aka rufe tamu ta manya. Malamin su Inna ba ɗan garinmu ba ne, ya tattara ya koma gida. Malaminmu na yaƙi da jahilci shi ma ya tafi wajen iyalinsa a Maradun. Muka ɗauka abin mako biyu ne ko uku.

Da aka ce za a riƙa koyar da yara ta rediyo, na sayo batir na bar mata rediyona a gida. Kwana uku ta saurara. Ran na huɗu na dawo na tarar ta rataye shi a ƙusa.

Na ce, "Inna, yau ba a yi karatun ba?"

Ta ce, "An yi, Baba. Malamar cewa take yi mu dubi abin da ta rubuta a allo. Ina allon?"

Ashe darasin na talabijin ne, muryar kawai ake sako mana. Ƙauyenmu ko wuta babu, balle talabijin.

Akwai wani ma'aikacin gwamnati a cikin Mafara da nake kai wa nama gida shekara da shekaru, Alhaji nake ce masa. Mutumin kirki ne, ban taɓa ganin wulaƙanci a wurinsa ba. A kwanakin nan ba ya zuwa ofis, ya ajiye bokiti da sabulu a ƙofar gida, duk mai shiga sai ya wanke hannu. Wata safiya na kai nama na tarar da shi a baranda tare da 'yarsa, sa'ar Inna, ita ma aji shida amma a makarantar kuɗi. Tana riƙe da babbar waya, muryar wata mata na fita daga ciki tana bayani. Yarinyar ta tsayar da muryar, ta mayar da ita baya, ta sake saurara. Sannan ta ɗauki hoton abin da ta rubuta a littafinta ta tura.

Bayan mun gaisa, mun tambayi iyali da gajiya da yadda aka ji da wannan lamari, na ce, "Alhaji, wanga mi ake yi?"

Ya ce, "Makaranta ce ta dawo cikin waya. Kullum malamarsu na turo darasi, su yi aiki su tura mata, ta gyara ta maido. Taka ɗiyar fa?"

Na gaya masa labarin rediyo. Ya girgiza kai ya ce in kawo wayata ya riƙa tura mini. Na zaro ta daga aljihu, ƙaramar nan mai tocila. Ya dube ta, ya dube ni, muka yi dariya tare. Ko da ina da babbar, a ƙauyenmu sai an hau kan tudun bayan masallaci ake samun sabis.

Na ce, "To in ka yarda, in riƙa kwafewa da hannu in kai mata."

"Ka iya?"

"Ina koyo, ranka ya daɗe."

Haka muka fara. In na kai nama sai ya ajiye mini wayar a kan benci, ya buɗo shafin, ya koma ciki. Ni kuma in durƙusa da littafina na yaƙi da jahilci in yi ta zanawa. Hasken wayar yakan mutu in na daɗe ban taɓa ta ba, sai da ya nuna mini inda zan dangwala. Shafi ɗaya yakan ci mini kusan awa guda. Na fi kwafe lissafi, saboda lambobi sun fi mini sauƙin zanawa kuma an ce shi ke ka da yara. Muryar malamar da ke bayani da Turanci ba ta kwafuwa da fensir, na bar ta a nan.

Abokan aikina a kwata suka samu abin yi. In na dawo sai wani ya ɗaga murya, "Ku ba Furofesa hanya, ya dawo daga jami'a!" Wani ya ce, "Ka yi hankali dai kada ka naɗe wa mutane tsoka da takardar digirinka." Nakan ce musu in Inna ta zama likita su ne za su fara layi da ciwon baya.

Yanzu sai in faɗi abin da na yi da waɗannan shafuka, don shi ne dalilin wannan rubutu.

Karatu ɗaya na sani a rayuwata kafin ajin manya, shi ne na allo da na yi a zauren kawuna ina yaro. A can malam zai rubuta maka, ya biya maka, ka yi ta maimaitawa har ya zauna a kanka. Sai ka kawo shi ba gyara ko ɗaya sannan a ce ka wanke, a ɗora maka na gaba. Wanda ya yi gaggawa ya wuce bai riƙe ba, shi ne ake dawo da shi baya da bulala. A haka na ga an yi mutanen da har suka tsufa ba su manta wasali ɗaya ba. A raina na ce ilimi ai duk ilimi ne, hanyar da ta riƙe mafi girman karatu ba za ta kasa riƙe lissafi ba.

Takarda ta yi mana wuya, don haka na je wurin kafinta ya gyara mini wani guntun katako, na goge shi da kyau. Ban taɓa allonta na karatun Alƙur'ani ba, wannan daban ne. Inna za ta kwafe shafin daga littafina zuwa katakon da tawada, ta zauna a gindin darbejiyar tsakar gida ta yi ta biyawa. In na dawo da la'asar sai in riƙe littafin, in bi da yatsa, ita kuma ta juya katakon ta kawo da ka. Lamba ɗaya ta kuskure, sai gobe.

Uwarta tana tankaɗe tana kallonmu. Ranar da aka fara wanke katakon ta ce, "Malam, wanga ruwa dai ba a sha ko? Kada in wayi gari ɗiyata na magana da lambobi."

Inna ta yi dariya har ta kusa zubar da ƙwaryar ruwan wankin. Kwanakin farko da daɗi muka yi su.

A mako na uku ne ta ce mini, "Baba, malaminmu ba haka yake yi ba. In ya yi guda a allo, sai ya canza lambobin ya ce mu yi namu."

Na ce, "Wannan sai wanda ya riƙe na farko. Ki yi haƙuri, Inna. Gini daga ƙasa ake fara shi."

"Amma ban san dalilin da ya sa aka sauko da huɗun nan ƙasa ba."

"Ki riƙe dai. In ya zauna, dalilin zai zo da kansa."

Na faɗi haka ne don haka aka faɗa mini ina yaro. Ni ma ban san abin da ya sa aka sauko da huɗun ba. Ta dube ni, ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da biyawa. Yarinya ce mai biyayya, ba ta sake tayar da maganar ba sai sau ɗaya, shi ma na ba ta amsa irin ta farko.

Alhaji yakan ce mini, "Ga sababbi sun taru fa, sun wuce wancan tun tuni."

In ce, "Ba ta riƙe na baya ba tukuna. Ba ma gaggawa."

Sai ya ce, "To, madalla," ya koma ga abin da yake yi. Bai tambaye ni me nake nufi da riƙewa ba, ni ma ban ga abin bayani a ciki ba. Da ya leƙo gidana sau ɗaya da ya gani, amma me zai kai shi ƙauyenmu a irin wannan lokaci? 'Yarsa kuwa in ta yi kuskure da safe, kafin azahar malamarta ta gaya mata. Ni na yi wata shida ina kuskure ɗaya, babu wanda yake wurin da zai gani.

Azumi ya zo ya wuce, damina ta sauka, muka yi shuka muka yi noma. Wani lokaci hanya ta ɓaci in kwana biyu ban shiga gari ba. Inna tana taya uwarta aiki, tana zuwa gona kai abinci, tana dawowa ga katakonta. Kafin gero ya nuna ta haddace shafi goma sha huɗu. Ko daga tsakiya ka ɗauko mata za ta ƙarasa. Na yi alfahari da ita ƙwarai, har nakan kira maƙwabta su ji.

Da kaka aka ce a buɗe makarantu, 'yan ajin ƙarshe su fara komawa don jarrabawa ta matso. Malamin su Inna bai dawo da wuri ba. Namu na manya ya riga shi, don haka ranar da muka koma aji na ɗauko ta a bayan keke na kawo ta, ina so ya ji abin da muka yi. Dattijo ne, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya, mai yawan barkwanci.

Bayan an tashi na ce, "Malam, ga ɗiyata. Ba mu zauna banza ba."

Ya ce, "A'a, mahauci ya buɗe makaranta? To bismilla, 'yata, mu ji."

Inna ta miƙe tsaye ta harɗe hannu ta fara. Ta kawo shafin rabawa tun daga sama, ɗari biyu da arba'in a raba gida shida, da duk matakan da ke ƙarƙashinsa, har zuwa amsa. Muryarta na hawa tana sauka kamar mai tilawa. Malam yana murmushi da farko. Can na ga murmushin ya tafi. Ya bari ta kai ƙarshe, sannan ya ɗauki alli ya rubuta a allo, ɗari uku da sittin a raba gida tara. Ya miƙa mata allin.

Ta tsaya gaban allon. Ta ɗaga hannu ta sauke. Na ga leɓenta na motsi, na san abin da take yi, tana bin shafukan nan goma sha huɗu tana neman inda wannan yake. Ba ya cikinsu.

Malam ya ce a hankali, "Wa ya koya mata haka?"

Na ce, "Ni ne."

Ya ce wa Inna ta je waje ta sha ruwa. Da ta fita ya zauna a kan benci kusa da ni. Sannan ya ce, "In an yi watanda da salla, mutum ashirin sun haɗa sun sayi sa, wa ke raba musu naman?"

"Ni."

"In baɗi su ashirin da bakwai ne, san kuma ya fi na bana ƙanƙanta?"

"Sai in raba ashirin da bakwai."

"Hadda ka yi?"

Tun ina saurayi nake kasa nama, ban taɓa kasa iri ɗaya sau biyu ba, kuma ban taɓa tunanin abin da nake yi da wuƙa shi ne abin da ke cikin shafin nan ba. Da tsakuwa na zube mata a tsakar gida na ce ta raba wa ƙannenta, da na fi amfanar ta. Abin yana hannuna duk watannin nan.

Malam ya ce, "Da ka kira ni."

Ba ni da lambarsa. Ko da ina da ita ban san akwai abin tambaya ba.

Mako uku ya rage a yi jarrabawa. Malam, Allah ya saka masa, ya ce in riƙa kawo ta duk ranar ajinmu, zai zauna da ita bayan an tashi. Ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ya ce mini kanta da kyau, tana kamawa, amma abin da sa'o'inta na cikin gari suka yi a wata shida ba zai shiga mako uku ba, ga Turanci ko taɓa shi ba mu yi ba. Wata rana a kan keke muna komawa ta ce, "Baba, in na ga lamba sai na allon su riƙa zuwa bakina, sai na kore su sannan in yi tunani." Na ce zai wuce. Na ci gaba da tuƙi.

Ta rubuta jarrabawar a cikin Mafara. Da ta fito na tambaye ta, ta ce ta yi abin da ta iya, lokaci ya ƙare ba ta kai rabi ba.

Ranar da aka liƙa sunaye a bango na bar kwata da hantsi na tafi. Mutane sun cika wurin, kowa ya duba ya wuce. Ni sai da na jira aka ragu, don karatuna ba ya son turereniya. Na sa yatsa na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya tun daga sama. Wannan ne karo na farko da na karanta abu mai tsawo haka ba tare da wani ya taimake ni ba. Na ga sunan 'yar Alhaji a kusa da sama. Na kai ƙasa, na koma na sake farawa, ko na tsallake layi. Ban tsallake ba.

Washegari na kai nama na yi wa Alhaji barka. Ya ce ai ba ma can za ta ba, ya samar mata wata makaranta a Sakkwato, wannan ta rubuta ne don ta saba da zaman jarrabawa. Ya tambayi Inna, na gaya masa. Ya yi salati, ya ce abin bai yi daɗi ba, ya ce a sake gwadawa baɗi. Na san har zuciyarsa ya faɗa. Na tambaya ko gurbin da 'yarsa ta bari ana iya ba wani, ya ce akwai jerin masu jira, daga sama ake ɗauka.

Na je wurin shugaban firamarenmu ya yarda ta maimaita aji shida. Ta koma, ta yi 'yan watanni. Sai lamarin tsaro ya ƙara lalacewa a yankinmu, aka sake rufe makarantu, wannan karon har layin waya aka yanke. Malamai baƙi ba su ƙara dawowa ƙauyenmu ba. Lokacin da abubuwa suka ɗan lafa Inna ta yi tsawo, ta fi duk 'yan ajin girma, waɗanda ta fara da su sun watse. Ta je kwana biyu ta ce ba za ta koma ba. Ban tilasta mata ba.

Ban taɓa zama na ce mata ni na jawo ba. Na sha shirya maganar a kan keke, in na iso gida sai in kasa. Malaminmu yakan ce kada in ɗora wa kaina duka, ko da na yi daidai ba lallai ta kamo yaran da malamansu ke cikin wayoyin da ke aljihun iyayensu ba. Wataƙila haka ne. Amma ta gaya mini tun a mako na uku, da bakinta, na ce ta yi haƙuri.

Ni na ci gaba da ajina. Yanzu ina rubuta wasiƙa, ina karanta takardar asibiti, ga shi har ina rubuta wannan. Inna tana gida, ita da uwarta suna yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ana zuwa saye daga maƙwabtan ƙauyuka. Hannunta da albarka, ba ta da ƙorafi, tana wasa da dariya da kowa. In ƙannenta suna aikin makaranta a tsakar gida takan tashi ta shiga ɗaki.

Kwanan baya aka buɗe ajin mata a wurin da muke karatu. Na dawo gida da murna, na same ta tana matsar tunkuza. Na ce mata an buɗe, malamar tana da kirki, zan riƙa ɗaukar ta muna tafiya tare.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Su wa ke zuwa?"

Na lissafa mata waɗanda na gani, yawancinsu sa'o'in uwarta ne, har da masu jikoki.

Ta juya tunkuzar ta sake dannawa, man yana gangarowa cikin kwano. Ta ce, "To Baba, bari in kai shekarunsu tukuna." Ba da fushi ta faɗa ba. Ta ce in miƙo mata galan ɗin da ke bayana, na miƙa mata.